Zuwa ga Bawana, Sabon Sarkin Teyatur na Kanan-Bakashe

Taubashi, ina gajiya? Ina kuma gajiyar ƴan kallo, don su ne suka yi babban aikin a daren nan. Na so in bari sai mun haɗu a fada wajen shayi in faɗa maka maganar nan tsakaninmu, sai na tuna kai ba a ɓoye ka yi naka ba. Mai shela ka ɗauka, ya hau babur da lasifika, ya bi unguwa-unguwa yana cewa kowa ya fito ya ga abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Mayahi. To, an fito, an gani. Abin da aka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a ake biyansa.

Kada ka soma kumbura. Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, uwarka ƙanwar ubana ce ciki ɗaya, kuma wannan ba abin da za ka gyara ba ne da karatun Yamai. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasai da na ƙabilun Nijar cikin gadon al'adun duniya, saboda haka in ka ɗaure mini fuska, da Majalisar Ɗinkin Duniya kake rigima. Kuɗin shara ma ka karɓe tun watan Cika-ciki, har yau tsakar gidana ba ta ga tsintsiyarka ba.

Tun ranar da ka dawo daga horon nan na ƴan makonni muka san akwai magana. Ka tafi da hula, ka dawo da wani ƙyalle naɗe a wuya cikin zafin bazara, kana tafiya kana kallon sama, kana kiran filin makaranta da sunan da ko mushen makarantar bai san shi ba. Muka ce a bar yaro, ƙila iskar Yamai ce, za ta sake shi in ya sha hura. Ba ta sake ka ba. Ka tara samari da ƴan mata, ka hana su kallon fim, ka sa su suna numfashi da ƙarfi suna birgima a rairayi da sunan motsa jiki, har wata tsohuwa ta aika a tambaya ko girka ake yi, ta kawo turare.

Daren wasa, gaskiya, gari ya yi maka kara. Dala 40 aka biya a ƙofa, ba wanda ya yi gardama. Mata suka zo da tabarmi da goyo, tsofaffi suka zauna gaba, yara suka hau katanga, masu tsire da ƙosai suka kafa a bakin ƙofa. Gurup ya tashi, fitilu suka kama. Aka ja baƙin yadin da ka rataya. Sai ga kujera ɗaya a tsakiyar fili, ba kowa a kanta.

Muka jira. Kujera ta jira. Can sai mutum takwas suka shigo, kowa cikin baƙin wando da baƙar riga, ba takalmi, ba hula, ba ɗankwali, suka juya mana baya suka tsaya. Shirun ya yi tsawon da wani dattijo a gabana ya juyo ya ce mini, "Ɗana, an fara, ko wuta ce suke jira?" Na ce masa an fara, Baba. Ya ce, "To mi suka ce?" Na ce ba su ce komai ba tukuna. Ya gyara zama ya ce, "Madalla, ashe ba kunnena ba ne."

Daga baya ka yi mana bayani cewa kujerar ita ce maigidan da ya rasu, baƙaƙen kayan kuma don kada tufafi su ɗauke hankalin mai kallo daga abin da ke cikin zuciya. Taubashi, hankalinmu bai ɗauku ba, amma ba mu gane wa ke wa ba. Uwargida da amarya da ɗiya da ƙanen miji duk kamanni ɗaya. A garin da ake gane matar da ke takaba tun daga nesa, ake gane amarya da lallenta, ake gane ɗan da ya dawo daga Libiya da agogonsa da tabarau, kai ka tuɓe wa kowa shaidarsa ka ce mu duba zuciya. Ka yi mana irin ta mutumin da ya gayyaci jama'a walima, ya ajiye musu akushi a rufe, ya ce kowa ya yi tunanin tuwon.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin kansa. Ba a yi nisa ba na ji gabana ya faɗi: maigida ya rasu ya bar mata uku, gandu ɗaya, rumbu biyu, saniya a hannun Bafillace, da gawo a kan iyaka. Wannan ai gidanmu ne. Kakanmu ne kujerar nan. Rabon gadonsa ka ɗauko ɗungurungum, ko gawon ba ka mayar kuka ba don sutura. Kuma ba ni kaɗai na gane ba, rabin filin sun halarci na gaskiyar.

Ba satar nake tuhumarka da ita ba. Mai wasan kwaikwayo daga gidansu yake fara sata, kuma ka zaɓi abin da ya cancanta. Babu maganar da ta fi rabon gona zafi a ƙasar Maraɗi. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai ta haura miliyan 3. Mutane suna ninkuwa, ƙasa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa, jikoki suna auna shi da igiya. Saura ta ƙare, hutun gona ya zama tarihi. In ƙasa ta matse, gamanar mace ake fara naɗewa, sai a ce mata ta zauna gida ta huta. Shari'a ta yanke a sarari: matan mamaci su raba tumuni in akwai ƴaƴa, ɗiya ta ɗauki rabin rabon ɗa. Amma da yawa a ƙauyukanmu maza sukan riƙe gonar su ce ba a yanka ta, su riƙa aika wa ƴar'uwa da dami biyu ko uku in kaka ta yi, shekarar da aka yi fari kuwa a aika mata da gaisuwa. Duk wanda ya zauna a filin nan yana da irin wannan miki, ko nasa ko na uwarsa. Ka samu ƴan kallon da duk wani mai teyatur a duniya zai yi addu'ar samu.

Sai ka ɗauki rigimar da ta hana unguwa barci ka mayar da ita maganin barci.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda lokacin kana goye. Gwaggo, uwarka, ita ce ta ƙi dami. Ta ce ƙasa take so, wadda za ta taka da ƙafarta. Ubana, kawunka, ya ce mace ba ta rabon gandu a gidan nan tun kaka da kakanni. Ta ce to daga kanta za a fara. Ta kafa turmi a jikin danga, daidai inda yake kishingiɗa da hantsi, tana daka tana waƙar habaici, ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, amma har ƴan ɗiban ruwa a bakin rijiya sun haddace. Matan gidan uku, waɗanda ba sa ga-maciji da juna tun kafin a haife mu, suka haɗe kai a karon farko don tumuninsu, suka rabe kuma da aka zo maganar saniya. Bafillacen ya ce saniyar ta mutu tun bara, aka ce ina fatar, ya ce kura. Aka kira liman, aka kira mai unguwa, wani ƙanen kaka da ba a gan shi ba ko ranar jana'iza ya taso takanas ya ce gawon shi ya shuka, alhali kowa ya san ba a shuka gawo. Daga ƙarshe Gwaggo ta yafa mayafinta, ta goya ka, ta taka har fada, ta kai ƙarar yayanta gaban sarki. Aka auna mata nata. Har gobe tana noman gero da wake a ciki, da kuɗin waken ma aka saya maka kujerar mota zuwa Yamai.

Yanzu dubi abin da ka yi da wannan mata. A wasanka ɗiyar ba ta buɗe baki ba. Ta shigo a hankali, ta naɗe jikinta da igiyar guga, ta durƙusa, ta ɗebi rairayi tana zubarwa ta tsakanin yatsu, sannan ta kwanta a gaban kujera, aka haska ta da jar fitila. Wani yaro yana kaɗa ƙwarya a ruwa, ɗum, sai a daɗe, ɗum. Na ga baƙin da suka zo da farar mota sun tashi suna ɗaukar hoto. Na san hoton zai yi kyau a rahoton furoje. Sai dai macen da ke cikinsa ba uwarka ba ce, kuma ban san ta ba a Kanan-Bakashe. Matanmu ana danne musu haƙƙi, wannan gaskiya ne, amma ba a kwance ake danne shi ba, ana yi suna magana, suna kai ƙara, suna yaji, suna adashi suna sayen gonar da aka hana su. Ka cire wa mace bakinta don ta fi ban tausayi a idon baƙo. Ko kawunka, da duk taurin kansa, bai iya rufe bakin nan ba. Kai ka rufe shi da fitila.

Rigimar gidan Bahaushe a baki take zaune. Habaici, gugar zana, gatse, shaguɓe, gaisuwar da ta fi zagi ciwo, "sannu da aiki" da kishiya za ta ce wa wadda ke kwance. A gidajenmu shiru ma magana ne, na yarda, amma sai an san abin da aka faɗa kafinsa. Uwargidan da ta yi shiru bayan an gasa mata magana, kowa ya san gobe akwai labari. Naka shirun ba abin da ya gabace shi, ba abin da ya biyo shi, sai ƙarar gurup.

Kuma ba a ce ƙasar nan ba ta san teyatur ba sai da ka je ka ɗauko. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, Samariya ce ke riƙe da dandali. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 ya sa kowace gunduma, har da Mayahi da Tasawa, tana tace ƴan wasanta, a kara a jiha, wanda ya yi fice ya tafi na ƙasa. Su Yazi Dogo, malamin makaranta ne fa, sun sa mutane suna cika gaban talabijin ɗaya a unguwa don Télé Sahel za ta nuna su. Yawancin wasannin nan ba a rubuce suke kalma-kalma ba. A zauna a shirya ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, magana kuwa kowa ya zo da tasa daga gida, shi ya sa in alhajin wasa ya buɗe baki sai ka rantse maƙwabcinka ne. Su ma saƙon hukuma suke ɗauke da shi, kada ka ɗauka waliyyai ne: a kai yara makaranta, a bar almubazzaranci a biki, a biya haraji. Amma sai ka yi dariya har hawaye kafin ka farga an yi maka wa'azi. Je ka Damagaram ka ga wasan kara, inda saurayi zai sa kaya ya kwaikwayi sarki ko gwamna, tafiyarsa da tarinsa, mai abin yana zaune yana kallo. Ko nan gida, yaran tashe da azumi, da gemun auduga da tsumma a ciki, sukan yi faɗan miji da mata a ƙofar gida cikin ɗan lokaci, a gane kowa, a ba su hatsi.

Na san amsarka, don ka ba ni ita a bakin ƙofa kana gyara ƙyallen wuyanka. Ka ce wani Bature, Peter Brook, ya koyar da cewa teyatur ba ya bukatar tarkace, kuma mu ƙauyawa ba mu waye da irin wannan ba. Bawana, malaman naka ba su ƙarasa maka labarin ba. A ƙarshen 1972 wannan Peter Brook ya taso daga Faransa da ƴan wasansa, har da Helen Mirren a cikinsu, suka ƙetare Sahara ta Aljeriya a motoci, suka sauka Agadas, suka biyo ta Damagaram, suka shiga Kano. Kayan aikinsu darduma ce. Su shimfiɗa ta a kasuwa ko a ƙofar gari, su ajiye takalmi a tsakiya, su ƙirƙiri wasa nan take. So yake ya gwada ko wasa zai iya riƙe mutanen da ba su san sunansa ba, ba sa jin harshensa, ba su kuma da dalilin yi masa kara. Wato mu ne jarrabawar. Mutumin ya sha ƙurar hamada ya zo neman ƴan kallo irin na ƙasar nan, kai kuma ka same su a ƙofar gidanku kyauta ka juya musu ƙeya. Dardumarsa ma ba ta fi tabarmar kabar da ake saƙawa a Gulbin Kaba ba.

Sai ƙarshen wasan, inda ka ƙarasa mu. Bayan duk wannan shiru, wani yaro ya fito da kwat da takarda, ya tsaya gaban kujera, ya karanto mana dokar ƙasar noma ta 1993 da aikin kwamitocin filaye, ya ce a riƙa rubuta gona a takarda. Shawara ce mai kyau, ban musa ba. Amma da Faransanci ya karanto rabinta. Hukuma da kanta ta sauke Faransanci daga kujerarsa a 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kai ka tsince shi a hanya ka kawo wa tsofaffin Kanan-Bakashe da dare. Sannan ƴan wasa suka riƙe hannu suka yi da'ira, wai an sasanta. Wa ya sasanta su? Da me? Saniyar fa?

A nan ne Allah ya kawo mana ɗauki. Gwaggo ta miƙe daga tabarmarta. Ka gan ta, na ga ka gan ta, don na ga ƙyallen wuyanka ya jiƙe. Ta ratsa mutane ta shiga fili, ta tsaya kan yarinyar da ke kwance ta ce, "Ke ɗiyar nan, tashi. Wai ni ce wannan? Yaushe na kwanta?" Ta juya wajen yaron da ke matsayin kawunka, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ta zazzage masa abin da ta faɗa wa yayanta a gaban sarki, ba ta rage ko wasali ba, ta ƙara da na bana. Fili ya kaure. Mata suna guɗa, yara suna faɗowa daga katanga, dattijon nan na gabana ya ce, "Yauwa, yanzu aka fara." Masu tsire suka bar tukuba suka leƙo. Akwai wani ɗan Barazil, Augusto Boal, da ya yi suna a duniya kan salon da mai kallo ke shiga wasa ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada tasa dabarar, ana kuma koyar da salon a irin horon da ka je. Uwarka ba ta taɓa jin sunansa ba, dala 40 kawai ta biya.

Kada ka ce ban ga alheri ba. Yarinyar da ta fito a amarya tana da abin yi. Akwai inda ta manta da umarninka, uwargida ta wuce ta gabanta, ta bi ta da wani kallo daga sama zuwa ƙasa ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, sai da matan da ke bayana suka ce "Kai!" baki ɗaya. Na ji an ce ka yi mata faɗa daga baya don ba ya cikin tsari. Ka ba ta haƙuri. Yaran nan duka suna da ƙwazo, sun yi makonni suna birgima saboda kai, kuma tara samari a kan abin da ba caca ba, ba ƙwaya ba, ba ƙaramin aiki ba ne a wannan zamani. Ka kuma tuna da wa kake takara. Kowane yaro a fada yana da Daɗin Kowa da Labarina a wayarsa, an tura masa a kati da kuɗi kaɗan, kishiyoyi da gado da yaji duk suna ciki, da kaya masu kyau da kiɗa. Abin da kake da shi wanda Kano ba ta da shi ɗaya ne: naka ƴan wasan suna iya jin dariyar mai kallo su ƙara gishiri, mai kallo kuma yana iya tashi ya amsa. Shi ne ka yi ƙoƙarin hanawa.

An ce za ku kai wasan Mayahi, daga nan Tasawa. Ga labarin da ban sani ba ko ya iso ka. Gwaggo ta ce da ita za a tafi, ta riga ta wanke mayafinta, kuma ta ce a nemo mata turmi a can don ba za ta ɗauki nata a mota ba. Amaryar kaka, wadda ta rage da rai cikin ukun, ta aiko a gaya maka cewa ba haka aka yi maganar saniya ba, tana da gyara. Jikan Bafillacen ya zo kasuwa yana tambayar wane ne ya ce kakansa ya ci amana. Ɗan ƙanen kaka ya sake tayar da zancen gawo, har an ga ya je yana auna inuwarsa da taki.

Kawunka kuwa bai je kallo ba, amma kafin gari ya waye an kawo masa komai, har da abin da ba a yi ba. Bai ce uffan a kan wasan ba. Ya dai ce in gaya maka ka zo yana nemanka bayan la'asar, kuma ka taho da kujerar. Tasa ce, tun ranar da ka aiko yara suka ɗauke ta a zaure yake zama a kan buhu.